Kwarjinin ido: fari da baƙi, fatar ido, da tsawon kallo

Idan aka ce wance tana da dara-daran idanu, ko wane idonsa yana da kwarjini, yawanci ana ɗauka cewa idon ne ya fi na sauran mutane girma. Ma'aunin asibitin ido bai nuna haka ba. Ƙwallon idon baligi, daga gaba zuwa baya, kimanin milimita 24 ne, kuma tsakanin mutum da mutum bambancin bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Baƙin da ke tsakiya faɗinsa milimita 11 zuwa 12 ne ga kusan kowa. Abin da ya sha bamban shi ne yadda fatar ido ta buɗe, wato nawa ne daga cikin ƙwallon ya fito fili, nawa ne ya ɓuya. A tsaye buɗewar ba ta wuce kimanin santimita ɗaya ba, a kwance kuma kimanin uku. Ƙarin milimita biyu kacal a tsayen nan ya isa a ce wa yarinya mai manyan idanu tun daga yaye har tsufa.

Abu uku ne ke ba ido ƙarfinsa: yadda fari da baƙi suka rabu, yadda fatar ido da gira suke motsi, da tsawon lokacin da kallo ya ɗauka kafin a janye shi. Kasuwar kwalliya gaba ɗayanta a kan na farko take ci. Na ukun, wanda ba a saye ba a sayarwa, shi ya fi tasiri.

Farin ido

A 1997 wasu masana biyu 'yan Japan, Kobayashi da Kohshima, suka wallafa binciken da suka yi a kan idanun nau'o'in birai da dangoginsu har 88, haɗe da na ɗan Adam. Abin da suka gano shi ne, a yawancin birai wurin da yake fari a idonmu launin ƙasa-ƙasa ne ko baƙi, ya saje da fatar fuska, ba a saurin gane inda dabbar ta dosa da kallo. Mutum ne ke da fari tas, mai faɗi ta gefe da gefe, da baƙi a tsakiya. Da baƙin ya gusa hagu ko dama kaɗan, na nesa ma ya gani.

Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka san yadda gani yake aiki. Wurin da ido ke gani tar-tar ɗan ƙarami ne ƙwarai, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Duk abin da ke kewaye da shi a dushe yake, ƙwaƙwalwa ce ke cikewa. Shi ya sa tsokoki shida da ke riƙe da kowane ido ba sa hutawa, suna ta cilla shi daga nan zuwa can, kamar sau uku a kowane sakan. Mutum ba zai iya duban abu da kyau ba sai ya juya idonsa gare shi, kuma da ya juya, farin nan ya tona masa asiri. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya san wannan ba tare da an koya masa ba: yana shimfiɗa turmi biyar, amma idon mai saye yake karantawa, turmin da ido ya koma kansa sau biyu shi ne ba za a yi masa ragi mai yawa ba. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Jarirai ma da wannan ake haihuwarsu. Binciken da aka wallafa a 2002 ya nuna jariran da ba su wuce kwana biyar ba sun fi daɗewa suna kallon hoton fuskar da ke dubansu kai tsaye fiye da wadda ta kau da ido. Nisan da jariri ke iya gani sosai santimita 20 zuwa 30 ne, daidai tazarar da ke tsakanin nono da fuskar uwa.

Babu inda aka ɗauki farin ido da muhimmanci kamar wurin Fulanin Woɗaaɓe a Nijar. A bikin Gerewol, wanda ake yi bayan damina ta ɗauke a yankunan da suka haɗa da In-Gall, samari ne ke yin ado. Suna shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya, su zagaye ido da baƙi, su baƙanta leɓe, sannan su jeru suna zare idanu suna juya su, haƙora a waje. Baƙin leɓe don haƙori ya ƙara haske ne, baƙin ido kuma don farin ya fito. Aikin kwalli ke nan a ko'ina: ba ya ƙara wa ido girma ko na ƙwayar gero, iyaka kawai yake shatawa don farin ya tsaya da kansa.

Fatar ido da gira

Ƙwallon ido shi kaɗai ba ya fushi, ba ya murna. Duk abin da ake karantawa a matsayin hali yana fitowa ne daga abin da ke kewaye da shi. A zaune lafiya, fatar sama tana rufe milimita ɗaya zuwa biyu na saman baƙin ido, ta ƙasa kuma tana tsayawa daidai gindinsa. Daga wannan ma'auni ake tashi. Idan fatar sama ta ɗaga har fari ya bayyana a saman baƙin, an zare ido ke nan, kuma kowa zai karanta tsoro ko mamaki. Idan an zare amma gira ta sauko ta haɗe, fushi ne. Idan fatar ta sauko ta rufe kusan rabin baƙin a hankali, an lumshe, kuma gwargwadon wuri za a ɗauke shi a jin daɗi, ko gajiya, ko jan aji.

Harara ta fi duka haɗa sassa da yawa. Kai yana kallon wani gefe, ido ya tafi can ƙurya har fari ya taru a ɓangare ɗaya, fatar ƙasa ta ɗan tsuke, gira ta sauko, sannan a riƙe na ɗan lokaci kafin a ɗauke da sauri. Ɗaukewar nan da sauri ita ce ke kammala ta. Idan aka sassauta girar, aka bar leɓe ya ɗan saki, aka janye a hankali, sassan nan dai su ne suke zama hararar wasa tsakanin miji da mata ko tsakanin abokan wasa. Haka kallon sama da ƙasa: idon da ya tashi daga fuska ya sauka ƙafa ya dawo, in an yi shi da sauri dubawa ne, in an ja shi raini ne. Ba a saba kama mutum da laifin harara a gaban alƙali ba, amma ta raba zumuncin da zagi bai raba ba, domin zagi ana iya neman gafararsa, mai harara kuwa sai ya ce shi bai ce komai ba.

Akwai wata tsoka da ta zagaye ido kamar zobe, ita ke rufe shi. Wani likitan Faransa, Duchenne, ya nuna a 1862 cewa murmushin da ya fito daga zuci yana haɗawa da ita: kunci ya ɗaga, fatar ƙasa ta tattaro, 'yan layuka su fito a wutsiyar ido. Murmushin yaƙe kuwa a baki yake tsayawa. Binciken baya-bayan nan ya nuna mutane da dama suna iya motsa tsokar da gangan, don haka ba hujja ce yankakkiya ba. Duk da haka ita ce dalilin da ake gane mai niƙabi tana murmushi ko ta ɗaure fuska, ita ce kuma dalilin da Buzu mai naɗin da ya rufe hanci da baki, ko sarkin da ya ja amawali, ba sa rasa hanyar nuna yarda ko ƙi. Rufe baki ma ƙara wa ido nauyi yake, tunda mai kallo ba shi da wani wurin dubawa.

Ana yawan yaɗa cewa ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido yana buɗewa idan mutum ya ga wanda yake so. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Ramin yana tafiya tsakanin milimita 2 zuwa 8, kuma haske ne babban mai juya shi. Eckhard Hess na Jami'ar Chicago, wanda ya yi suna a kan wannan batu a shekarun 1960, shi da kansa ya nuna lissafi mai wuya ma yana buɗe shi. Tsoro yana buɗe shi, zafin ciwo yana buɗe shi, wasu magunguna ma haka. Ƙari a kan haka, idon yawancin mutanenmu baƙi ne sosai, ramin ba ya ganuwa sai an haska fitila. Wanda ya ce ya karanta soyayya a ƙwayar idon budurwa da daddare a zaure, abin da ke zuciyarsa ya karanta.

Tsawon kallo

A 2016 aka wallafa wani gwaji da aka yi a gidan adana kayan kimiyya na Landan, da mutane kusan 500 daga ƙasashe da dama. An nuna musu bidiyon fuska tana dubansu na tsawon lokuta daban-daban, aka tambaye su wanne ne daidai. Matsakaicin abin da suka zaɓa sakan 3.3 ne. Kusan babu wanda ya so ƙasa da sakan ɗaya, babu kuma mai son abin da ya haura tara. Wannan tsakanin baƙo da baƙo ke nan, kuma a Turai. Amfaninsa a nan shi ne ya nuna ƙanƙantar filin da ake magana a kai: tsakanin kallon girmamawa da ƙura ido, sakan biyu ko uku ne.

A cikin hira, kallo yana da tsari da mutane ke bi ba tare da sun sani ba. Wani masani mai suna Adam Kendon ya zayyana shi tun 1967. Mai sauraro ya fi mai magana kallo. Mai magana yakan kau da ido idan zai fara doguwar jimla, domin haɗa ido yana cin hankali, ba a iya tsara magana mai wuya ana kallon ƙwayar idon wani. Idan ya kusa ƙarewa sai ya dawo da ido kan abokin hira, alamar ga fili nan, karɓi. Mutumin da ake cewa yana katse mutane, sau da yawa wannan alamar ce ba ya jira. Wanda kuma ake cewa ba a jin daɗin hira da shi ko da bai faɗi abin ƙi ba, galibi ko dai ba ya kallo lokacin da ake masa magana, ko yana kafe mutum da ido lokacin da shi yake magana, wato ya juya tsarin.

A ƙasar Hausa akwai wani tsari a saman wannan, kuma shi ke da rinjaye: wa ke kallon wa. Yaro ba ya tsayar da ido a kan na mahaifinsa. Almajiri yana gaban malam idonsa a kan allo. Suruki ya durƙusa gaida surukarsa yana kallon tabarma, ita ma ta kau da kai tana amsawa. Amarya takan yi makonni ba ta haɗa ido da iyayen miji ba. A fada, mai gaisuwa ya zube, ido a ƙasa, fadawa ne ke amsa masa. Yaron da ake yi wa faɗa ya ɗago ya zuba wa babba ido, an ce yana da tsaurin ido, kuma laifin nan yakan fi wanda aka fara faɗan a kansa. Na sama yana da izinin kallo, na ƙasa yana da izinin satar kallo kawai.

Ana iya ɗauka cewa inda aka taƙaita kallo haka, ido zai rasa bakin magana. Akasin haka ne ke faruwa. Abin da ba a bayarwa a banza, ranar da aka bayar yana da tsada. Uwa tana tsakiyar baƙi, yaro ya miƙa hannu cikin kwanon da ba nasa ba, ba ta ce uffan, ta dube shi sakan ɗaya, hannun ya koma. Matar gida tana sallamar 'yarta daga ɗaki da ƙifta ido guda. Dillalai biyu a kara suna daidaita farashin sa a gaban mai shi da mai saye ba tare da an ji su ba. Saurayi da budurwa da suka yi ido huɗu a gidan biki na rabin sakan, kowannensu zai kwana yana fassara shi. A inda kowa ke kallon kowa ido cikin ido tun daga yarinta, rabin sakan ba ya ɗaukar wannan kaya.

Addini ya ƙarfafa wannan ta wata fuska. Aya ta 30 da ta 31 a Suratun Nur sun umarci muminai maza, sannan mata, da su runtse daga ganinsu. A Suratu Gafir, aya ta 19, an ambaci cewa Allah Yana sanin yaudarar idanu, wadda malaman tafsiri suka fassara da kallon da ake sata idan an ga ba mai lura. Hadisin da Annabi (SAW) ya yi wa Sayyidina Ali nasiha ya bambance kallon farko, wanda ba a kama mutum da shi, da na biyu da ake bin sa da shi. A lura, ma'aunin a nan ma na lokaci ne da maimaici.

Inda matsala take tasowa shi ne idan wannan tarbiyya ta haɗu da wadda ba ta san ta ba. A wani bincike da aka yi a ƙasashe 58, aka wallafa a 2006, an tambayi mutane yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce ba ya iya haɗa ido. Amma da aka tattara gwaje-gwaje sama da ɗari a kan alamomin ƙarya a 2003, an ga kau da ido ba shi da wata alaƙa ta a-zo-a-gani da ƙarya. Gwanin ƙarya ya san abin da ake nema, sai ya ƙara kallo. Wanda ke shan wahalar wannan camfi shi ne saurayin da aka rene shi a kan sunkuyar da kai, ya je ganawar neman aiki a Legas ko Abuja, ko gaban jami'in biza, ko ya tsaya ba da shaida, ladabinsa ya zama abin zargi.

Gyaran ba ya buƙatar a zubar da kunya. A ɗago a dubi mutum lokacin sallama, a riƙe har a gama gaisuwar farko. Lokacin da yake tambaya a dube shi, domin nan ne rashin kallo ya fi zama kamar rashin kulawa. Lokacin amsawa babu laifi a kau da ido ana tunani, amma a kau zuwa gefe, kada a sunkuya, sannan a dawo da ido a ƙarshen jimla. Idan mutum uku ne ke tambaya, a fara da wanda ya yi tambayar, a ratsa sauran, a ƙare a kansa. Wanda haɗa ido ke yi wa nauyi, ko macen da ba ta son duban namiji cikin ido, ya isa a dubi tsakanin gira ko karan hanci: daga nisan taku biyu mutane ba sa iya bambance wannan da kallon ido sosai. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne wuce gona da iri, su kafe ido ba ƙiftawa. Mutum yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti, idan ya daina, fuskar takan koma abin tsoro.

A gaban kyamara kuwa, wanda ya kalli fuskar abokin magana a allon waya, a wajen wancan ƙasa yake kallo. Haɗa ido a bidiyo sai an dubi ramin kyamarar kanta. A ɗaga wayar ta yi daidai da ido, a fuskanci taga ko fitila maimakon a ba ta baya, domin ɗan ɗigon hasken da ke sauka a kan baƙin ido shi ke sa a ga ido da rai. Mai karanta rubutu a kusa da kyamara ana gane shi saboda idonsa na tafiya layi-layi. In ya ja baya mita biyu ya ƙanƙanta faɗin rubutun, motsin yakan ɓace.

Kwalli da abin da ke cikinsa

Kwalli sunna ne, kuma hadisai sun ambaci ismid, wani nau'in dutsen kwalli, da suna, cewa yana ƙara gani yana tsirar da gashin ido. Matsalar ita ce dutsen da ake sayarwa a kasuwa da sunan kwalli ko tozali, mai ƙyalli kamar azurfa idan an fasa, sau da yawa dutsen dalma ne. Ido ba ya bambance shi da ismid, mai sayarwa ma bai sani ba, sai ɗakin gwaji. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston, ɗan asalin Najeriya, da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka bincika gidan, sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kawo daga gida, kuma kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Amurka ta hana shigar da irin wannan kwalli ƙasarta.

Hanyar da yake shiga jiki ba ta fata ba ce. Yaro yana murza ido ya kai yatsa baki. Sannan akwai 'yar ƙofa a kusurwar ido ta wajen hanci da hawaye ke bi su sauka maƙogwaro, shi ya sa mai kuka yake jan majina, kuma garin kwalli yana bin wannan hanya. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba ya cutarwa. Ba ta nuna alama da wuri. Ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali, sai yaro ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu. Wanda ya tuna abin da dalmar ma'adinan zinariya ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba ƙaramar guba ba ce, ko da yake adadin da ke cikin tandu bai kai na can ba. Hukuncin a nan mai sauƙi ne: jariri da mai ciki su nisanci kwallin dutse da ba a san asalinsa ba. Al'adar rambaɗa wa jariri kwalli ranar suna don idonsa ya yi kyau ba ta ƙara masa komai, kyan idon da zai yi yana cikin halittarsa.

Ga babba, ko da kwallin mai tsabta ne, wurin sawa yana da muhimmanci. A bakin fatar ido, bayan layin gashi, akwai ƙananan ƙofofi ashirin zuwa talatin da wani abu a kowace fata, masu fitar da maiƙon da ke hana hawaye bushewa. Nan ne daidai inda ake zizara kwalli da gazal. Idan ana sawa kullum ba a wankewa kafin barci, ƙofofin suna toshewa, ido ya riƙa yaji kamar an zuba yashi, ya yi ja, wani lokaci ƙurji ya fito. Da hunturu abin ya fi tsanani. Maganin farko tsumma mai tsabta ne da ruwan ɗumi, a ɗora a kan ido a rufe minti biyar zuwa goma, sannan a goge bakin fatar. Sa kwalli a wajen layin gashi ya fi aminci. Tsinken kwalli ɗaya ga gida guda kuwa hanya ce ta yaɗa apolo da amodari daga ido zuwa ido. Maskara idan ta wuce wata uku da buɗewa a yar, kuma kada a tsarma ta da ruwa ko yawu.

Masu neman farin ido da maganin ɗigawa su ne suka fi shiga haɗari. Iri biyu ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Na farko yana tsuke jijiyoyin jini, ido ya yi fari cikin mintuna, amma in an wuce kwana uku ana sawa, da ya sake sai jan ya dawo fiye da da, mutum ya zama ba ya iya fita sai da kwalbar a aljihu. Na biyu shi ne mai sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone. Yana kwantar da ƙaiƙayi da ja nan take, shi ya sa ake son sa, amma amfani da shi na makonni yana iya ɗaga matsin ruwan cikin ido ya kashe jijiyar gani ba tare da ciwo ba, yana kuma kawo yanar ido. Ganin da wannan matsi, wato hawan jinin ido, ya ci ba ya dawowa. Kuma a sani, ɗan duhu-duhu ko ɗigon ƙasa-ƙasa a farin idon baƙar fata yawanci launin jiki ne, ba datti ba, babu maganin da zai wanke shi. Wanda ya kamata a kai asibiti shi ne farin da ya koma rawaya, domin wannan shawara ce, daga hanta ko jini take.

Gilashin ido mai launi da ake mannawa a kan baƙin ido, wanda amare suka rungume yanzu, kayan asibiti ne ko da don ado aka saye shi. Ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo ko na leda, ba a ara. Da ido ya yi ja yana ciwo yana ƙin haske, a cire a tafi wurin likitan ido a ranar, domin gyambon baƙin ido yana iya barin hakiya cikin kwana biyu ko uku. Gashin ido na kanti kuma gam ɗinsa ne matsala, yana kumbura fata, nauyinsa yana tuge gashin asali, wanda yakan ɗauki wata biyu kafin ya dawo.

Idon da ke faɗin abin da mai shi bai ce ba

Tunda an saba karanta hali a ido, ciwo yakan jawo wa mutum hukuncin da bai ji ba bai gani ba. Matar da idanunta suka firfito kamar kullum a fusace take, tana rama, tana gumi, zuciya na bugawa, ƙila maƙoƙonta ne ke aiki fiye da kima, gwajin jini zai nuna. Wanda ya wuce mutane bai gaishe su ba, ko yake tsuke ido yana duban na nesa kamar mai raini, sau da yawa tabarau yake buƙata. Fatar ido ɗaya da ta faɗo farat ɗaya ga babba, musamman da ganin abu biyu-biyu ko ciwon kai, ba jan aji ba ne, abin gaggawa ne. Yaron da ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya duban mai kiran sunansa, ba ya bin yatsa da ido idan an nuna masa abu, kada a yaba masa da kunya, a gwada jinsa da ganinsa, a kuma duba yanayin bunƙasar ƙwaƙwalwarsa.

Harara-garke ita ce aka fi yi wa sakaci. A watannin farko idon jariri yakan ɗan karkace lokaci-lokaci, wannan ba komai. Idan ya wuce wata huɗu zuwa shida yana yi, ko ido ɗaya ya tsaya a karkace kullum, ba zai miƙe da kansa ba. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta jure hoto biyu, sai ta yi watsi da na idon da ya karkace, idon ya rage lafiyayye a halitta amma bai koyi gani ba. Ana gyara wannan da tabarau, da rufe ido mai kyau na wasu awoyi a rana don a tilasta wa ragon aiki, wani lokaci da tiyatar tsoka. Gyaran ya fi cin nasara kafin shekara bakwai. Bayan nan tiyata tana iya miƙe idon don kyan gani, amma ƙarfin ganin da aka rasa da wuya ya dawo duka. Gwajin gida mai sauƙi ne: a haska ƙaramar tocila daga nisan hannu a sa yaro ya dube ta, ɗigon hasken ya kamata ya sauka wuri ɗaya a idanun biyu. Idan a ɗaya yana tsakiya a ɗayan yana gefe, ko aka ga wani fari a cikin ramin baƙin ido a ido ko a hoton da aka ɗauka da filasha, a kai shi asibitin ido cikin makon, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa.